Makaɗan Yatsa Ɗaya: Laifin Fiyano Ne Ko Na Ragwaye?

Mai karatu, akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin manyan mu, duk inda aka zauna hirar waƙa sai an biya ta: wai fiyano ne ya kashe kiɗan Hausa. Malaman jami'a sun faɗa, dattawan gidajen rediyo sun faɗa, har 'yan fim ɗin da su ka ci abinci da shi shekara da shekaru yanzu su na taya su faɗa. To ni dai ban yarda ba. Fiyano roba ne da waya, bai da hannun shaƙe kowa. Abin da ke kashe kiɗan mu ragwanci ne, da rowar furodusoshi, da wannan muguwar ɗabi'a ta kiran duk wanda ya iya danna madanni ɗaya da sunan makaɗi.

Bari mu ƙyale Kano tukuna, mu gangaro Kebbi, yankin Jega da Aliero da Maiyama. A nan za ka ga yaro ya yi kabu-kabu, ko ya yi dakon albasa a Aliero, ya tara 'yan kuɗin sa ya sayo tsohon Yamaha ko Casio wanda ya sha hannu. Ba shi da malami. Jami'ar da ke Aliero ta kimiyya da fasaha ce, ba a buɗe ta domin kiɗa ba. In a ƙauye ya ke irin Jiga Makera, kafin ya sami wutar kunna abin ma aiki ne, sai batir ko sola ko ya raɓa da janaretan mai cajin waya. A gida ana yi masa kallon ɗan iska. Duk da haka ya rufe ɗaki, ya rage murya don kada tsoho ya ji, ya na lalube shi kaɗai. Wallahi wannan yaro ya cancanci jinjina, kuma duk wanda ya raina shi don ya koya wa kan sa bai san tarihin sana'ar ba. Faɗa na da shi ya na farawa ne daga ranar da ya gano madannin da ake kira sitayil.

Ga wanda bai taɓa zama gaban abin ba, ga yadda ya ke. Irin fiyanon da ake aiki da shi a sutudiyon mu ya na ɗauke da kiɗa dafaffe wanda kamfani ya zuba a cikin sa tun daga can. Ka danna sitayil, ganga ta tashi da kan ta. Ka ɗora yatsa ɗaya a ɓangaren hagu, sai injin ya cika maka sauran, ga amo mai kauri, ga jita, ga komai. In muryar mawaƙi ba ta kai ba, akwai wani madannin da zai ɗaga kiɗan ko ya sauke shi ba tare da ka sauya wurin da yatsun ka su ke ba. Cikin wata guda yaro ya fara kiɗa a gidan biki, ana yi masa liƙi, ana kiran sa injiniya. Ka dawo bayan shekara uku, ya na nan inda ka bar shi, yatsa ɗaya a hagu, biyu a dama. Shi ya sa za ka saurari waƙoƙi goma na mawaƙa goma ka rantse a ɗaki ɗaya aka yi su da yamma ɗaya. Hannu ɗaya ma ba ya ɗaukar jinka, balle yatsa.

Kuma ba haka aka faro ba. Tun daga 'Turmin Danya' a 1990 finafinan mu ke neman kiɗan da zai dace da su. Da sutudiyo irin na Iyan-Tama su ka kawo Yamaha a Kano cikin shekarun 1990, waɗanda su ka zauna gaban sa mafi yawan su ba su taɓa shiga ajin kiɗa ba, amma su na da kunne. Sun bi muryoyin da ke cikin injin ɗaya bayan ɗaya su na neman wadda ta yi kama da sarewa, wadda ta yi kama da goge, wadda za ta tsaya a madadin kalangu ko bandiri. Wannan laluben ne ya haifi kiɗan 'Sangaya' a 1999, wanda ya girgiza ƙasar Hausa har Nijar. Daga nan kasuwa ta buɗe, sai kwaɗayi ya shigo. Furodusa ya zo da kaset ɗin Indiya a aljihu ya ce, "Malam, irin wannan za ka yi mani, kuma gobe na ke so." Wa zai tsaya koyo alhali ana biyan sa don ya kwafa?

To tunda Indiyar mu ke kwaikwayo, me ya hana mu kwaikwayi wahalar da su ka sha? A.R. Rahman, wanda yaran mu ke wawurar kiɗan sa, tun ya na ƙaramin yaro ya ke buga fiyano a ƙungiyoyin manyan makaɗa, ciki har da ta Ilaiyaraaja, ya yi shekaru a bayan fage kafin 'Roja' ya fito da shi a 1992, kafin ya ɗauki Oscar biyu a 2009. In ka ce wannan ya yi nisa, ga na kusa. Mamman Sani na Yamai ya sami wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, ya zauna ya koya da kan sa, ya riƙa ɗora waƙoƙin gargajiyar Nijar a kai. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasar, kiɗan sa ya daɗe ana sa shi tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin, Turawa su ka shiga neman sa. Mutum ɗaya, inji ɗaya, ba malami. Bambancin sa da yaron mu shi ne bai ɗauki injin a matsayin ubangida ba.

Za ka ce, to ya yaron zai yi tunda ba makaranta? Ai makarantar na cikin wayar sa, kuma ba bidiyon Turawan YouTube kaɗai na ke nufi ba. Cikakken fiyano ya na da maɓalli 88, farare 52, baƙaƙe 36, irin na sutudiyon mu kuwa galibi 61 ne. Dubi baƙaƙen nan da kyau, za ka ga an jera su biyu, uku, biyu, uku, wato amo biyar ne ke ta maimaita kan su daga ƙasa zuwa sama. Kiɗan mu na gargajiya da yawan sa a kan amo biyar ya ke tafiya. Ke nan Bahaushe ya shigo wannan fage da jari a kunnen sa, shi ne dai bai sani ba. Ka kashe sitayil, ka kunna Musa Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, ka bar bakin uban waƙa tukuna don ya fi ƙarfin ka, ka kama amshi. Ka neme shi a kan baƙaƙen da hannun dama, a hankali, har ya zauna. Wani amon ba zai faɗa daidai ba, domin kotso da maƙogwaron Bahaushe ba a masana'antar Yamaha aka saita su ba, kuma jin wannan 'yar tazarar shi kan sa karatu ne. In dama ta zauna, sai ka sa hagu ta riƙe bugun gangar ita kaɗai. Ranar da ka fara haɗa su biyun za ka ji kamar ka jefar da fiyanon a gulbi, dama na tafiya hagu na tsayawa, hagu ta tashi dama ta rikice. Nan ne wurin da kowa ke gudu ya koma ga madanni, kuma nan ne kiɗan ya ke. Rabin awa kullum bayan la'asar ya fi kwana guda cur a ranar Juma'a.

Akwai kuma abin da babu bidiyon waje da zai koya maka. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro daban, kukar miya daban, wuyan riga daban, wuyar rayuwa daban, ɗagawa da saukar murya ke raba su. Kalangu ya na magana ne don makaɗi na matse shi a hammata ya bi wannan hawa da sauka. Waƙar Indiya ba a yi ta don kalmomin mu ba, shi ya sa in aka cusa Hausa a cikin karin ta sai ka ji an karya wa kalma ƙugu, mawaƙiya na ɗaga murya inda ya kamata ta sauke, har sai ka saurara sau uku kafin ka gane me ta ce. Makaɗin da ya san aikin sa shi zai tsayar da mawaƙi ya ce a gyara nan. A gefen hagu na wasu fiyanon akwai ɗan gare-garen lanƙwasa amo, wanda in ka iya shi zai yi maka kusan abin da hammata ke yi wa kalangu. Yara nawa ne su ka taɓa murza shi don wannan?

Yanzu bari in juyo kan masu kukan an kashe gargajiya, don su ma ba za su tsira ba. Alhaji, kai da ke zubar da hawaye in an sa Shata, za ka bar ɗan ka ya rataya kalangu? Za ka ba ɗan makaɗi 'yar ka? Mu ne mu ka mai da kiɗa sana'ar roƙo, mu ka ce sai wanda ya gada, sannan mu ka raina magadan har 'ya'yan su su ka gudu su ka koma kasuwa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, wace makaranta aka buɗe da sunan ɗayan su inda yaro zai je ya koyi kalangu ko kuntigi? Marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi ɗan Fagada ne a nan ƙasar Maiyama. Ka so abin da ya waƙe ko ka ƙi, malaman Hausa a jami'o'i sun yi rubutu a kan fasahar sa. Marigayi Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri shi ma na Kebbi ne. Amma yaron Maiyama ya fi sanin karin Mumbai fiye da na mutumin garin su, kuma ba fiyano ne ya raba su ba. Yaron da aka hana kalangu ya kama abin da ya samu wanda ba a tambayar asalin mai buga shi.

Furodusoshi kuwa, tsakani da Allah, ku faɗa mani: a finafinan da ku ka fi so, sunan makaɗi nawa ku ka riƙe? An san jarumi, an san jaruma, daga baya aka san mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Wanda ya kwana a sutudiyo ya na haɗa kiɗan, sunan sa na wucewa a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi. Ana biyan sa sau ɗaya, waƙa ta yi shekara goma ana cin kuɗin ta. Wanda ya yi wata shida ya na horar da hannun hagu da wanda ya danna sitayil kuɗin su ɗaya, to don me zai wahala?

Sai dai kwanan yatsa ɗaya ya kusa ƙarewa, ko an so ko an ƙi. Da farko manhajar kwamfuta irin FL Studio ta zo, aka daina ma buƙatar taɓa maɓalli. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin Suno, ka rubuta abin da ka ke so su haɗa maka waƙa da kiɗa da murya kafin shayi ya huce. Furodusan da ya ƙi biyan ka da daraja jiya, gobe ba zai kira ka ba sam, domin abin da yatsan ka ɗaya ke yi waya na yin sa kusan kyauta. Wanda za a nema shi ne wanda zai zauna da mawaƙi ya ji inda kalma ta karye, wanda zai tsaya a filin biki ya bi rawar mata in ta yi sauri ya sassauta in ta lafa.

Saboda haka, mai karatu, ga abin da na ke roƙon ka. Bikin da za ka je nan gaba, a Jega ne ko Aliero ko Birnin Kebbi, kafin ka zaro kuɗin liƙi ka matsa kusa da mai fiyano ka ce ya kashe sitayil, ya buga maka amshin Ɗanƙwairo guda ɗaya da hannu biyu. In ya yi, ka ninka abin da ka yi niyya, ka tambayi sunan sa, ka sa sanƙira ya faɗe shi da ƙarfi. In ya fara sosa ƙeya ya na cewa injin ne ke da matsala, ka mai da kuɗin ka aljihu.