Kuskuren Suna da Gonar Rogo

A makarantun sakandare da dama, ɗalibi kan ɗauki sunayen ƙwari na kimiyya tamkar horo: ya haddace Musca domestica a madadin ƙuda, ya zube a takardar jarrabawa, ya manta. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ba kasafai ake gaya masa amfanin sunan ba.

Tun shekarar 1758 Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya kafa tsarin bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu. Ta farko sunan dangi ce, ta biyu kuwa tamkar sunan yanka. Abin da ya sami rogo a Afirka ya isa shaida kan nauyin kalmar ta biyu.

A shekarar 1973 aka ga wani ɗan ƙwaro a Kongo, fari kamar an barbaɗa masa gari, yana tsotse ruwan ganyen rogo har shukar ta ƙanƙance. Kafin wani lokaci ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, har da Nijeriya. A 1977 aka raɗa masa suna Phenacoccus manihoti. Tun da asalin rogo daga Kudancin Amurka yake, can masana suka nufa neman abokin gabarsa. A arewacin nahiyar suka sami mai kama da shi sak, suka kwaso ƙwarin da ke hallaka shi, amma waɗannan suka kasa taɓuka komai ga na Afirka. Ashe ɗan'uwansa ne kawai, wanda daga baya aka kira Phenacoccus herreni. Dangi ɗaya, jinsi daban; lokaci ya salwanta, gonaki na lalacewa.

Sai a 1981 aka gano na ainihin a Faraguwai, tare da wani ɗan mitsitsin zanzaro, Anagyrus lopezi, mai saka ƙwansa a cikin jikinsa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta hayayyafa shi, aka sake shi a ƙasashe da dama, annobar ta lafa. Hans Herren, jagoran aikin, ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1995.

Ya kamata malami ya fara da irin wannan labari kafin ya rubuta ko harafi ɗaya na Latin a allo. Daga nan ya fita da ɗalibai bayan aji su ƙirga ƙafafu: fara da tururuwa shida, gizo-gizo da kunama takwas, alhali Bahaushe duk ƙwaro yake ce musu.