Mota a Tsakar Gida, Makulli a Ƙusa: Tsoron Tuƙi a Bakin Iyakar Jibiya

Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar kilomita 50 ce da ɗoriya. Mutum zai bar gida bayan karin kumallo, ya ratsa Magama, ya tsallaka Ɗan Isa, kafin azahar yana zaune cikin dangi. A can mahaifiyata take, a nan kuma aure da aiki suka ajiye ni, ni da maigida da yara uku waɗanda babbansu bai cika shekara takwas ba. Na yi shekara shida ina riƙe da lasisin tuƙi, ina sabunta shi duk lokacin da ya ƙare, ga mota a tsakar gida, amma ban iya kai kaina ko kasuwar Lahadi ba, balle ƙetaren iyaka.

Asalin abin ƙarami ne. Wata rana a wani shataletale a birnin Katsina, ɗan acaɓa ya shigo ta hannun da ban zata ba, na goge shi ya faɗi. Gwiwa kawai ya ƙuje. Sai dai kafin in buɗe ƙofa jama'a sun kewaye motar, wani yana dukan gabanta da tafin hannu, wani yana cewa ai dama mace ce, jaririna kuma yana tsala kuka a baya. Da na koma gida na miƙa wa maigida makulli, na ce ya riƙe na kwana biyu. Kwana biyun nan ne suka zama shekara shida.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a wata damina, maigida yana Kaduna wajen wani kwas. Zazzaɓi ya rufe 'yata ta tsakiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta fara jijjiga. Na ciro makulli daga ƙusa, na zauna gaban sitiyari, hannuna ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙafata ta kasa gane birki da totur. Daga ƙarshe ƙofar maƙwabci na buga, ya goya mu a babur, ina rungume da yarinyar cikin yayyafi, babu hular kwano a kan ko ɗaya daga cikinmu. Allah Ya ba ta lafiya. Amma a kan bencin asibiti na yi wa kaina hisabi: shekara da shekaru ina cewa don kare yarana nake guje wa tuƙi, ga shi a daren da suka fi bukatata na ɗora ɗayarsu a kan abin hawan da ya fi kowanne haɗari. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Ra'ayina tun daga wannan dare shi ne, gidan da ke da mota da ƙananan yara, musamman a gari irin namu, bai kamata a ce mutum ɗaya ne kaɗai ke iya tuƙi a cikinsa ba. Tsoron da ke hana na biyun kuwa lalura ce da take da magani, ba halin da za a yi wa dariya ba ne, ba kuma abin da za a lallaɓa a bar shi ya zauna ba.

Tsoro iri biyu

Mutumin Jibiya yana da hujjar da zai kare tsoronsa da ita, kuma hujjar gaskiya ce. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda hare-haren 'yan bindiga, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da tamu. A kan hanyar Katsina kuma, mai kimanin kilomita 45, ga manyan motocin kaya, ga ƙananan motocin da ke tsere da lodi, ga shingayen bincike da dole a tsaya a kowanne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wanda bai ji komai a ransa ba game da wannan, shi ya kamata a karɓe wa makulli.

Amma akwai tsoro na biyu da ke fakewa a bayan na farkon, kuma raba su shi ne rabin aikin. Gwajin da na samu mai sauƙi ne. Tsoro na hankali yana sauraron labari. Idan direbobin tasha suka ce hanya lafiya, ga rana tsaka, ga motoci suna ta wucewa, sai ya ragu. Idan magariba ta gabato ko aka ji wani motsi, sai ya ƙaru. Yana ce wa mutum kada ya bi hanya kaza a lokaci kaza. Ɗayan kuwa ba ya sauraron komai. Ni ko a filin makaranta da ba kowa, da hantsi, zuciyata bugawa take kamar ana kora ta. Ba 'yan bindiga nake tsoro a wannan fili ba. Shataletalen nan na Katsina ne yake bi na, kamar yadda Hausawa ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Hatta rufe iyaka ya zame mini mafaka. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon wannan lokaci ina da amsar da zan ba Inna in ta tambayi ranar zuwana. Da aka buɗe, amsar ta ƙare, tsoron bai ƙare ba.

Yadda gudu ke ciyar da tsoro

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano dalilin da ya sa irin wannan tsoro ba ya tsufa. Tun a shekarun 1940 wani masani ɗan Amurka, Hobart Mowrer, ya bayyana cewa mataki biyu ne. Da farko ƙwaƙwalwa tana haɗa wani abu da firgici, kamar sitiyari da ihun jama'a. Daga nan, duk lokacin da mutum ya kauce wa abin, sai ya ji wani sanyi a ransa, wannan sanyin kuma lada ne da ke koya masa ya sake kaucewa gobe. Saboda bai koma ya gwada ba, ƙwaƙwalwar ba ta samun damar ganin cewa abin da take hasashe bai faru ba. Wato duk ranar da na ce maigida ya kai yara makaranta a madadina, tsoron na ba abinci.

Maganin yana bin hanyar cutar ne ta baya. Joseph Wolpe, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, ya wallafa a 1958 tsarin tunkarar abin tsoro daki-daki, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, kuma likitoci na amfani da jikokin wannan tsari har yau. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya tsara matakai kamar na tsani, ya tsaya a kan kowane mataki, yana maimaita shi, har sai jikinsa ya daina ɗaukarsa a matsayin haɗari, sannan ya hau na gaba. Abin da ke ɓata shi shi ne sauka a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, domin wannan ma gudu ne.

Nawa tsanin ya ci wata huɗu. Makon farko zama kawai nake yi a cikin motar, inji yana aiki, ban motsa ta ba. Daga nan filin makaranta ranar Asabar, ina gaba, ina ribas, ina taka birki har ƙafata ta sake sanin wurinsa. Sai layukan unguwa bayan sallar asuba, kafin babura su fito. Sai hanyar asibiti, wadda na maimaita fiye da kowace, da rana sannan bayan isha'i, domin ita ce dalilin farawata. Sai Magama da dawowa. Sai Katsina, maigida yana gefe. Shingayen bincike, waɗanda nake zaton su za su fi ba ni wuya, sun zo da sauƙi da na tara takardun mota a ambulan ɗaya, na saba rage gudu tun daga nesa, in sauke gilashi in yi sallama. Ban ɗauki yaro ko ɗaya ba sai a wata na uku. Wanda kuma tsoronsa ya samo asali daga mummunan haɗari, har yana mafarkinsa ko yana ganinsa a farke, ya fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa, kada ya hau tsanin shi kaɗai.

Yara a kujerar baya

Mafi yawan fargabar uwa a kan hanya tana zaune ne a kujerar baya, kuma wani ɓangarenta ana magance shi da tsari. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Waiwaye na daƙiƙa biyu don raba faɗa a kan biskit yana nufin an yi tafiyar mita 44 ido a rufe. Don haka dokar motata guda ce, yara sun haddace ta: Umma ba ta waiwaye, in abu ya taso sai an samu wuri an tsaya. Ana cin abinci a shiga bayi kafin a tashi, a kulle ƙofofin baya da makullin yara, kowa ya zauna a baya.

Sai batun da muka fi sakaci da shi, wato rungumar jariri a cinya a kujerar gaba. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan hali, komai ƙaunarta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kujerar yara ta mota tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100, ɗamarar kujera kuma tana iya rage haɗarin mutuwar manya da kusan rabi. Wanda ya iya sayen mota da zuba mata mai a farashin yau, zai iya sayen kujerar, ko da ta gwanjo ce mai lafiya. Na lura kuma ranar da na ɗaure auta a tata kujerar, wani kaso na tsorona ya tafi, domin an cire masa hujja. Mun san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure taguwarsa sannan ya dogara ga Allah. Addu'ar hawa abin hawa da ɗaura ɗamara tare suke tafiya.

Ga magidanta

Wasu za su ce a bar mace da gida, ga direba, ga ƙanin miji, ga waya. Watannin da aka katse layuka a 2021 sun riga sun amsa wannan: akwai daren da waya ba za ta kira kowa ba. Wasu kuma za su kawo batun al'ada. Babu wanda ya ce mace ta kama hanyar daji ita kaɗai. Abin da ake nema shi ne ta iya kai ɗanta asibiti. Ko Saudiyya ta ɗage haramcin tuƙin mata tun watan Yunin 2018. Ya kamata a kuma faɗa cewa tsoron nan ba na mata ba ne kaɗai. Akwai magidantan da suka yi haɗari sau ɗaya, suka ɗauki direba, suka ce wai don hutu ne.

Wanda zai zauna a gefen mai koyo, aikinsa yin shiru ne. Maigida ya fara da kama sitiyari da salati da ƙarfi a kowace kwana, sai da na ce masa, “Malam, in ka tsorata, ni wa zai kwantar mini da hankali?” Daga ranar ya koma ba ya magana sai na tambaya, kuma wannan shirun ya fi kowane darasi amfani. Wanda ya san ba zai iya ba, ya biya kuɗin makarantar koyon tuƙi mai rajista da Hukumar Kiyaye Haɗurra.

A watan Agustan 1888, wata Bajamushiya mai suna Bertha Benz ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera, ta sa 'ya'yanta maza biyu, ta yi tafiyar kilomita 100 da 'yan kai daga Mannheim zuwa Pforzheim. Ita ce doguwar tafiya ta farko da aka yi da mota a tarihi, kuma gidan mahaifiyarta ta nufa. Tawa tafiyar ba ta kai rabin wahalar tata ba. Mun tashi da hantsi bayan maigida ya tambayi lafiyar hanya a tasha, yana gefe da takardunmu, yara uku a ɗaure a baya. Tafin hannuna ya yi gumi a Magama, ya sake yi a gaban jandarmomin Ɗan Isa, daga nan sai gonakin gero dama da hagu har Maraɗi. Inna ta fito zaure ta ga wadda ta fito daga mazaunin direba, ta riƙe haɓa ta ce, “Ke 'yar nan, ke kika tuƙo su?” Na ce ni ce, Inna. Ta ce to a shigo a ci abinci da wuri, domin ta fi so mu tsallaka iyaka kafin la'asar. Wannan tsoron nata na hankali ne, kuma mun bi shi.