Inshorar lafiya: A fara da Gashuwa da Nguru

A watan Mayun 2022 ne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Najeriya. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Mutanen Gashuwa da Nguru a arewacin Jihar Yobe sun san nauyin wannan lissafi. Shekara da shekaru ciwon ƙoda yana cin rayuka a garuruwan da ke bakin Kogin Yobe. Wanda ƙodarsa ta gaza yana buƙatar wankin ƙoda sau biyu ko uku a kowane mako. Ko da an yafe masa kuɗin wankin, akwai magani da gwaji da ƙarin jini, ga kuɗin mota idan sai an je Damaturu. Haka iyali ke sayar da dabbobi, daga nan a taɓa gona.

Manufar inshorar da gwamnati ke ɗaukar nauyi ita ce al'umma ta haɗa kuɗi tun kafin ciwo ya zo, domin kada jinya ta talauta gida. Ma'aikaci ana cire nasa kason daga albashi. Manomin Bade da masuncin fadamar Nguru kuwa ba su da albashi, don haka sai baitulmali ya biya musu. Ta wannan hanya ƙasar Tailan ta bi a 2002, ta shigar da talakawanta cikin tsarin da kuɗin haraji.

Tanadin yana nan a rubuce. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na haɗakar kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko, dokar 2022 ta kafa asusun masu rauni, Yobe kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, YSCHMA.

Abin da ya rage shi ne aiki. Wajibi ne hukumomin biyu su bi ƙauyuka su yi wa marasa albashi rajista, su sanya gwajin hawan jini da ciwon suga da na ƙoda cikin abin da katin ke biya a asibitin mazaɓa, su riƙa biyan asibitoci a kan lokaci, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Su kuma wallafa adadin waɗanda suka amfana a kowace ƙaramar hukuma, domin jama'a su ga inda kuɗinsu ya shiga.