Fatsarmu Na Dawowa Wayam a Gaɓar Tekun Legas



Akwai wasu daga cikinmu, direbobi da masu gadi da 'yan kasuwa, da in Lahadi ta zo sukan ɗauki fatsa su nufi bakin teku. Ba sana'arsu ba ce, hutu ne kawai da shan iska, in an yi sa'a a koma gida da na miya. Su ne suka kawo mana kukan cewa kifi ya ja baya. Waɗanda suka daɗe a garin nan sun ce da can mutum kan ɗago kuroka ko barakuda mai tsawon hannu kafin azahar, yanzu kuwa sai a wuni ana ƙona fuska a rana a tashi da 'yan ƙanana biyu ko uku.

Wurin tsayawar ma ya ƙare. Bar Beach da muka sani ta shige cikin aikin Eko Atlantic, Tarkwa Bay kuma tun da aka tashi mazaunanta a watan Janairun 2020 ba ta koma yadda take ba. Ga haƙar yashi a tafkin Legas, inda ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku, ga leda da robobi da kowace damina ke kwasowa daga magudanai.

Amma babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne manyan jiragen kamun kifi masu jan taru a ƙasan ruwa. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana su aiki a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato wajen kilomita tara, domin a bar wannan yanki ga masu kwalekwale. Sun kuma ƙayyade faɗin idon taru: milimita 76 na kifi, 44 na jatan lande. Dalilin a fili yake. Taru mai ƙananan idanu ba ya zaɓe, yana kwashe kifin da bai kai ga yin ƙwai ba, a zubar da shi matacce ko a sayar da shi a banza. Masuntan gaɓa sun daɗe suna ƙorafin cewa jiragen kan kutso cikin wannan yanki da dare har su yayyaga musu koma. Dokar tana nan a takarda, mai tsaron ta ne babu isasshe, a gaɓar da ta kai kusan kilomita 850.

A 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku da tattalin arzikinsa, daga baya sashen kamun kifi ya koma ƙarƙashinta. Muna ganin gwajinta na farko shi ne ta tsare waɗannan mil biyar. Na biyu, ta duba abin da Ghana ke yi na dakatar da manyan jiragen watanni biyu, Yuli da Agusta, don kifi ya samu ya hayayyafa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, ba don an hana su a Matan Fada sai ranar biki ba, da ba a ga giwan ruwan da ake ɗagowa ana ɗaukar hoto da shi ba. Sarkin Ruwa ya san haka tun kafin a zo da boko.

To, sai dai kada mu nuna wa jirage yatsa mu manta da namu hannun. Mai fatsa yakan ce, "Nawa nake kamawa?" Gaskiya ne, shi ɗaya ba komai ba ne. Amma babu mai ƙirga mu. Ba a rubuta yawan masu fatsa, ba a rubuta abin da suke ɗauka, haka ma masu hali da ke fita da jiragen shaƙatawa daga Ikoyi da Apapa. Cibiyar binciken teku da ke Victoria Island ba za ta iya ba da shawara kan abin da ba ta da lissafinsa ba. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu ba ma mayar da ƙaramin kifi ruwa. Wanda bai kai tafin hannu ba ma sai a jefa shi a bokiti a ce na yara ne. Wasu kuma in fatsa ta ƙi, sai su shimfiɗa gidan sauro a bakin tafki, abin da ya fi tarun jirgin ma ɓarna a ɗan wurin da ya taɓa.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce. Ya je kasuwar Ijora ya tambayi kuɗin katan ɗin taitus ko panla. Ƙasar nan na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabin haka ba, da dala kuma ake shigo da kifi don rage giɓin. 'Yan uwanmu masu sayar da kifin ƙanƙara da masu suya a bakin titi su suka fi kowa sanin zafin wannan giɓi.

Saboda haka a taron wata mai zuwa za mu gabatar da shawara biyu. Duk ɗan ƙungiya mai zuwa fatsa ya amince zai saki kifin da bai kai tsawon taƙi ba da wanda ya gani ɗauke da ƙwai, kuma ya daina amfani da gidan sauro. Sannan mu buɗe littafi a ofishin ƙungiya, kowa ya riƙa rubuta ranar da ya fita, wurin, irin kifin da yawansa. In littafin ya cika shekara, da shi za mu je wurin hukumar kamun kifi ta jiha tare da shugabannin masuntan gaɓa. Masu zuwa bakin teku, don Allah ku halarci taron da kanku, kada ku aiko da saƙo.