Ɗalibin harshe a zauren masu rarrabe bayanai

Duk lokacin da sanarwar taron masana ta iso sashen nazarin harsuna, take ne ɗalibai suke fara dubawa. In ya ambaci tsarin sauti ko harsunan Cadi ko koyarwa cikin harshen gida, sai takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. In kuwa ya ce taron na hanyoyin rarrabe bayanai ne, sai a ture ta gefe, a ce wannan na mutanen lissafi ne da na kwamfuta. Turewar nan kuskure ce, kuma wanda ya fi cutuwa da ita shi ne ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan karin harshe ko dangantakar harsuna.

Irin waɗannan tarurruka suna da tarihinsu. A shekara ta 1985 ƙungiyoyin masu nazarin rarrabewa na ƙasashe dabam-dabam suka kafa tarayya guda, wadda ake taƙaita sunanta da IFCS, ta kuma yi babban taronta na farko a birnin Aachen na Jamus a 1987. A baya-bayan nan ta zauna a Tasalonika ta Girka a 2019, da Porto ta Fotugal a 2022, da San José ta Kosta Rika a 2024. Masu aiki da Faransanci su ma suna da tasu ƙungiya, SFC, mai haɗuwa a kai a kai. A zaure ɗaya za a tarar da likita mai son kasa majinyata bisa alamun ciwo, da masanin tsirrai, da mai nazarin kasuwa. Tambayar da ta tara su ɗaya ce: ga tarin abubuwa, ga siffofin kowanne, ta yaya za a kasa su rukuni-rukuni yadda ƴan rukuni ɗaya za su fi kama da juna fiye da yadda suke kama da na waje?

Wannan tambaya ita ce ta shafe fiye da ƙarni guda tana wahalar da masu nazarin harsunan Afirka. A 1912 Carl Meinhof ya fitar da littafinsa a kan abin da ya kira harsunan Hamawa, ya cusa Hausa da Fulfulde da Masai cikin zuri'a ɗaya. Ya dogara ga wasu siffofin nahawu kamar jinsi, amma ra'ayoyin zamaninsa game da launin fata da kiwon shanu sun yi masa jagora. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincikensa na farko tsakanin Maguzawan ƙasar Kano, ya rushe wannan gini. A rabon da ya kammala a 1963 ya mayar da Fulfulde kusa da Serer da Wolof, ya sa Hausa cikin harsunan Cadi a babban gidan Afro-Asiya, gidan da Larabci da Tamajak suke. Daga baya, a 1977, Paul Newman ya kasa harsunan Cadi rassa huɗu. Abin da ya raba Meinhof da Greenberg shi ne abin da kowannensu ya yarda ya ƙirga. Greenberg ya ce ba za a ƙirga komai ba sai kamannin da ya haɗa sauti da ma'ana tare, a fitar da fata da sana'a daga cikin lissafi. Da ma'auni ya sauya, sai taswirar nahiya ta sauya.

Wanda ke ganin lissafi baƙo ne a fagen harshe ya makara. Jean-Paul Benzécri, uban hanyar nazarin bayanai ta Faransa, matsalar harshe ce ta fara tura shi ƙirƙiro dabararsa a shekarun 1960: so yake ya ga ko jadawalin yawan haɗuwar kalmomi zai iya fito da tsarin harshe da kansa. Jean Séguy, mai taswirar karin harshen Gaskoniya, ya ƙirga bambance-bambance tsakanin ƙauye da ƙauye, ya raɗa wa aikin sunan awon karin harshe a 1973. A 1995 Brett Kessler ya ɗauko ma'aunin Levenshtein, wanda aka ƙirƙiro a 1965 domin wata buƙata dabam, ya gwada shi a kan kare-karen harshen Gelik na Ailan. A yau akwai rumbun ASJP da ke kwatanta dubban harsuna da kalmomi 40 kacal. Dabarun sun daɗe da shigowa gida. Abin da ya rage shi ne ko ɗalibi zai san yadda suke aiki, ko kuwa zai danna maɓalli ya karɓi duk abin da ya fito.

Hausa da kanta ta isa misali. Ma'aunin Levenshtein yana ƙirga sau nawa za a musanya harafi, ko a ƙara, ko a cire, kafin kalma ta koma wata. Tsakanin «zauna» ta Kano da «zamna» ta yamma tazarar ɗaya ce. Tsakanin «suka» da «sunka» ma ɗaya ce. Tsakanin «fara» da «hwara» biyu ce in aka bi haruffa, amma ɗaya ce in aka ɗauki «hw» a matsayin sauti guda, kamar yadda duk ɗalibin tsarin sauti zai ɗauke shi. Tsakanin «mota» da «mato» biyu ce. Ke nan a idon na'ura, bambancin sunan abin hawa ya ninka bambancin «suka» da «sunka», alhali na farkon kalma ɗaya ya shafa, na biyun kuwa yana ratsa kusan kowace jimla ta labari, yana jan «munka» da «kunka» a bayansa. Sannan ga «gari» na mazauni da «gari» na tuwo: da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, tazararsu sifiri ce. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi ta auna.

A ɗauka ɗalibi ya tattaro kalmomi daga Maraɗi da Katsina da Damagaram da Kano da Tawa da Sakkwato. In jerin nasa ya cika da kalmomin ofis da makaranta da tasha, inda wannan ɓangare ke cewa «biro» da «kuran» wancan na cewa «ofis» da «lantarki», bishiyar da kwamfuta za ta zana za ta tsage daidai kan iyakar da Faransa da Ingila suka shata. Maraɗi za ta rabu da Katsina, duk da cewa sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa daular Maraɗi. In kuwa ya cika jerin da wakilan suna da lokutan aikatau da sauye-sauyen sauti, iyakar mulkin mallaka za ta dushe, wani rabo ya bayyana wanda ya fi karkata ga gabas da yamma. Bishiyoyin biyu daidai suke a lissafi. Ɗaya tana ba da labarin shekaru ɗari da ƴan kai, ɗaya tana ba da wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Zaɓen wadda ta amsa tambayar kundi aikin masanin harshe ne, babu wata manhaja da za ta ɗauke masa shi.

Masu rarrabe bayanai sun san wannan matsala tun tuni, har suna da ƙa'ida a kanta. A 1969 Satosi Watanabe ya nuna cewa in aka lissafa dukan siffofin da hankali zai iya haɗawa, aka ba su nauyi ɗaya, to kowane abu biyu kamanninsu daidai yake da na kowane biyu. Rukuni ba ya fitowa sai an fifita wasu siffofi a kan wasu. Abin mamaki shi ne an fi jin wannan gargaɗi a bakin masu lissafi fiye da bakin masu aron dabarunsu. A taronsu mutum ba ya nuna bishiya ya zauna lafiya. Za a tambaye shi wane ma'aunin tazara ya ɗauka, me zai faru in ya sauya shi, rukunonin za su tsaya ko za su watse in aka cire kashi ɗaya cikin goma na bayanan. A gaban kwamitin kare kundi a sashen harsuna, sau da yawa zane mai rassa ya isa ya sa kowa ya gyaɗa kai, domin ya fito daga kwamfuta.

Akwai wani darasi da zauren ke koyarwa wanda ya fi wannan ɗaci. Wasu dabarun da aka fi amfani da su, kamar wadda MacQueen ya raɗa wa suna a 1967, sai an gaya musu adadin rukunin da ake so kafin su fara aiki. In an ce uku, uku za su kawo. In an ce bakwai, bakwai za su kawo, ko da babu katanga ko ɗaya a cikin bayanan. Karin harshe kuwa sau da yawa kamar ƙasa yake tsakanin jigawa da fadama, yana sauyawa sannu a hankali. Matafiyin da ya taso daga Filinge ya bi ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa da Tasawa har Damagaram ba zai iya nuna ƙauyen da wani kari ya ƙare wani ya fara ba. Sunaye irin su Kurhwayanci da Arewanci da Adaranci da Gobiranci suna da amfani, amma rabinsu tarihin sarauta ne. Ko bishiya ma ba kowane lokaci take dacewa ba. Harsunan Soŋai, waɗanda Greenberg ya sa cikin gidan Nilo-Sahara, har yau ana gardama a kan mazauninsu, kuma Robert Nicolaï ya shafe shekaru yana nuna cewa cuɗanya ta taka rawa a tarihinsu fiye da yadda zanen rassa zai iya ɗauka. Tasawak ta Ingal, mai ginshiƙin Soŋai da tarin kalmomin Tamajak, a wane reshe za a rataye ta ba tare da an yanke mata wani sashe ba?

Da a ce maganar ta tsaya ga kundaye, da da sauƙi. Ana rarrabe Hausa a yanzu haka, ko masana harshe suna wurin ko ba sa nan. A tsarin lambobin harsuna na duniya Hausa lamba ɗaya gare ta, «hau», daga Agadas har Kumasi. Rumbun NaijaSenti da aka fitar a 2022 domin koya wa na'ura gane yabo da suka a rubutu, daga saƙonnin ƴan Nijeriya aka tattaro shi, kamar yadda sunansa ya nuna. Aiki ne mai kyau, masu shi kuma ba su ɓoye iyakarsa ba. Sai dai na'urar da ta tashi a kan irin wannan abinci, in ta ci karo da «sunka hwaɗi», babu mamaki ta ɗauke shi kuskuren rubutu. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, tambayar wace Hausa za ta shiga littattafan makaranta da takardun hukuma da manhajojin fassara ta bar zauren muhawara ta shiga rayuwar yara. Duk wanda zai amsa ta zai jingina da wani rabo na kare-karen harshe, rabon kuma zai jingina da ma'aunin da wani ya zaɓa.

Masu ƙin tafiya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Kuɗin jirgi zuwa Turai da kuɗin rajista da wahalar biza sun isa su ɗauki nauyin watanni na aikin fili a Adar ko Gobir, inda tsofaffin da ke riƙe da tsohon kari suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In zaɓi ya tsaya tsakanin biyun, fili ne gaba, domin dabara ba ta rarrabe bayanan da ba a tattaro ba. Haka nan ɗalibin da ya rabu da lissafi tun aji na biyu na lise zai zauna cikin wasu laccoci kamar kurma a gidan biki, balle ga shi yawancinsu da Ingilishi ake gabatar da su. Amma ba a ce sai ya fahimci kowace hujja ta lissafi ba. Irin waɗannan tarurruka kan keɓe zama na koyarwa ga masu farawa, da lokacin da ake kafa aiki a allo mutane su zagaya suna tambaya, kuma a nan ne mai jadawalin kalmomi daga ƙauyuka ashirin yake da abin da mai dabara ba shi da shi. Masu lissafi sun gaji da gwada dabarunsu a kan tsofaffin bayanai ƙwaya nawa da kowa ya haddace.

Ba kuma lalle sai an ƙetare teku ba kafin a fara. Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da malaman lissafi da na ƙididdiga, tafiyar ƴan mintoci daga inda ake tattauna harshe, amma da wuya a ga ɗalibin wannan fanni a zaman gabatar da bincike na wancan. Zama ɗaya a zangon karatu, inda ɗalibin harshe zai kawo jadawalinsa malamin ƙididdiga ya yi masa tambayoyin da za a yi masa a Porto, ba ya buƙatar biza. Wanda ya sami tallafin zuwa babban taro kuwa, kada ya tafi da kunne kaɗai. Ya tafi da jadawali da aka rubuta da alamun tsawon wasali da karin sauti, kalmomin aro a shafi dabam, kowane ƙauye da sunansa da ranar da aka ɗauki magana a cikinsa, da bishiyoyi biyu da suka saɓa wa juna, ya kafa su gefe da gefe ya jira mai tambaya.