WA ZA A TSAYAR? A'A, WA KE TSAYARWA?

Ya ku 'yan'uwa talakawan Adar.

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cinmu a Tawa, ita ce cutar duba. Da zaɓen shugaban ƙasa ya doso, sai kowa ya zama malamin duba, a bakin kasuwa da tasha da kowace fada ta masu shayi. Wannan ya ce wane za a tsayar, wancan ya rantse ba shi ba ne. A yi ta musu har almuru, alhali kuwa ba a tambayi ko ɗayansu ba.

Ku tuna da 2018. Tsarin mulkin 2010 ya ce wa'adi biyu kaɗai, kowa ya san Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, zai sauka. To, wa PNDS-Tarayya za ta tsayar? Waɗansu suka ce Bazum Mohamed, shugaban jam'iyya kuma ministan cikin gida. Waɗansu suka ce Hasumi Masa'udu, babban magatakarda kuma ministan kuɗi. Daga Keita har Takanamat da Tebaram ba a da wata hira sai wannan.

Yaya aka ƙare? Ran 31 ga Janairu 2019 rediyo ya ce an sauke Hasumi daga minista. Cikin Fabrairu shugabannin jam'iyya suka zauna a Yamai suka ce Bazum. Ran 31 ga Maris aka kira babban taro ya tabbatar. Zaɓe kuwa sai 27 ga Disamba 2020. Ashe an gama dafa tuwo tun kafin a kira mu wanke hannu!

Kada a juya mana magana. Ba Bazum muke zagi ba, ba mu kuma tare da masu zancen ƙabilarsa, wannan zance ƙazanta ne. Isufu ma ya cika alkawari ya miƙa mulki ran 2 ga Afrilu 2021, abin da ba a taɓa gani ba a Nijar tsakanin zaɓaɓɓu biyu. Hanyar muke ƙi. Tawa ce ta kasance rumbun ƙuri'un jam'iyyar nan tun zaɓen 1993. Matanmu suka yi layi cikin rana, samarinmu suka cika filin taro, 'yan ci-rani suka aiko da guminsu daga Abijan. In ƙuri'armu ta isa ta naɗa shugaban ƙasa, don me ba ta isa ta zaɓi ɗan takara ba?

Za su ce mana wai talaka bai san siyasa ba, in aka bar masa zaɓi jam'iyya za ta tsage. Ƙarya ne! Manomin da ya san irin hatsin da ya dace da fakon Adar ya san mutumin kirki in ya gan shi. Tsagewa kuwa, rikicin manya ne ya raba Albade Abuba da Saini Umaru a MNSD har aka kafa MPR-Jamhuriya a 2015, ba shawarar talakawa ba.

Soja sun karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyu duka. Amma komai nisan dare gari zai waye. Ran da aka dawo mana da kati ana neman mu shiga wata jam'iyya, kada mu tambayi wa za su tsayar. Mu ce a nuna mana a rubuce cewa kowane reshe, na ƙauye da na unguwa, zai jefa ƙuri'a a kan ɗan takara, a ƙidaya ta a gabanmu. Wanda ya ƙi, ya riƙe katinsa.

Mu bar duba, mu nemi haƙƙinmu.