IN JAR FITILAR MAI TA KAMA, A BAR DIREBA YA TSAYA



Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, wadda ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya a kanta. Ana cikin tafiya sai direba ya ce, "Alhaji, fitilar mai fa ta kama." Mu kuma sai mu duba agogo, mu tuna gobe kasuwa, mu ce, "Haba malam, lallaɓa mu kai gari na gaba." Wannan "lallaɓa" ta cinye dukiyar da ɓarawo bai ci ba.

Mu kanmu ta taɓa cin mu. Wata rana da bazara mun taso daga kasuwar Massaguet za mu dawo Njamena, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, a cikin tsohuwar a-kori-kura. Fitila ta kama, direba ya nemi tsayawa, muka hana shi don muna sauri mu cim ma gadar Ngeli kafin a rufe. Ba mu yi nisa ba inji ya soma ƙwanƙwasa, can ya yi tsit. Gadar ba mu same ta ba, kuɗin sa guda kuma ya tafi wurin bakanike. Sauri ya haifi nawa.

Da yawanmu mun ɗauka wannan fitila mai siffar buta cewa take baƙin mai ya ragu, a ƙara in an samu dama. Ba haka ba ne. Cewa take man ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata. A cikin inji akwai famfo da ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa, ya tura shi tsakanin ƙarafan da ke juyawa don kada su gogi juna. In ƙarfin nan ya faɗi, ƙarfe ke cin ƙarfe, kuma aikin 'yan mintuna ne, wani lokaci ma bai kai ba. Shi ya sa aka yi ta ja.

Dalilan ba su da yawa. Ko dai mai ya zube ko ya ƙone, ko famfo ya gaji, ko datti ya toshe rariyar da yake zuƙa ta ciki, ko man ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ko injin ne ya tsufa. Wani lokaci kuma ɗan makunnin fitilar ne ya lalace, injin lafiya lau. To amma daga kan kujera ba mai iya sanin wanne ne.

Abin yi shi ne a sauka gefen hanya a kashe mota nan take. A ba ta 'yan mintuna mai ya kwanta, a zaro tsinken awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. A leƙa ƙarƙashi ko tana ɗiga. In mai ya yi ƙasa a ƙara, a tayar. Fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, babu baƙon ƙara, to a tafi sannu har gareji. In ba ta mutu ba, ko kuwa an tarar mai cike yake amma tana ci, a kashe, kar a sake murza makulli sai bakanike ya ɗaura agogon awo ya gani. In man ya yi fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin gas kuma ya haura alama, gas ke sauka ciki. Duk biyun ba na tafiya ba ne.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da kama. Tirela cike da shanu ba buhunan gero ta ɗauko ba. A watan Afrilu zafin ƙasar nan yakan haura digiri 40, dabba ta daɗe a tsaye sai ta galabaita, ta faɗi, 'yan uwanta su tattake ta. Ga kuma hanyar Kuseri zuwa Fotokol, da ta Gamboru zuwa Dikwa da Maiduguri, wadda tun harin da aka kai Gamboru a 2014 ba mai son rana ta faɗi yana tsaye a kanta. Duk gaskiya ne. Amma mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Tsayawar dubawa minti goma ce. In inji ya buga, kwana za a yi, ko kwanaki, a wurin da ba mu muka zaɓa ba, ana neman wata mota a juye kaya, ana yanka waɗanda suka faɗi a sayar wa mahauta yadda suka ga dama. Wanda ke tsoron tsayawa a daji shi ya fi kowa bukatar ya saurari fitilar nan.

Don haka gyara tun daga gida yake farawa. Ga shawarwarinmu ga shugabannin ƙungiya da sauran 'yan uwa:

Na ɗaya, kafin a yi lodi, mai kaya ko wakilinsa ya tsaya a auna mai a gabansa. A murza makulli ba a tayar ba, a ga fitilar ta kama, a tayar a ga ta mutu. In ba ta kama ba sam, ƙila an cire ƙwan ne don kar ta dami mutane. Kar a ɗora dabba ko ɗaya a wannan mota.

Na biyu, motar da fitilarta ke ƙyaftawa in ta yi zafi tana tsaye a silo, ta soma ba da sanarwa ke nan. A kai ta gareji, ba Legas ba.

Na uku, kowace mota ta riƙe galan na baƙin mai irin wanda injinta ke sha, a rufe da hatiminsa. Manyan motocin gas akasari 15W-40 suke sha. A guji na kwalabe da ake zubawa a bakin titi, don ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. A kuma yi juye kan lokaci tare da canza matata, musamman da hunturu lokacin ƙura.

Na huɗu, kuma shi ne babba: direban da ya tsaya saboda jar fitila kar a zage shi, kar a zaftare masa kuɗi. Yawancin direbobin da ke wucewa da fitila tana ci, tsoron bakinmu suke ji.

Mu da muke gane saniya marar lafiya tun daga nesa ta yadda ta sauke kunne, bai kamata ƙarfe ya yi mana magana da jar wuta mu kau da kai ba. Kasuwa in ta wuce, wani mako za ta sake ci.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a fatauci. Amin.